Ciwon damuwa: Me ya sa mai shi ke ganin komai ya ƙare?

Kalmar damuwa ba ta da nauyi a bakin Bahaushe. Ana faɗar ta a kan bashin da lokacin biyansa ya ƙarato, a kan jarrabawar da ke tafe, har a kan wutar lantarkin da aka ɗauke ana tsakiyar guga. Wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa yakan ce ba damuwa, magana ta wuce. Shi ya sa idan likita ya shaida wa iyali cewa ɗansu na fama da ciwon damuwa, sau da yawa abin da kunnensu ke ji shi ne lafiyarsa ƙalau, tunani ne kawai ya yi masa yawa. Sai a ba shi haƙuri, a tuna masa cewa wasu sun fi shi shiga uku, kowa ya koma harkar gabansa.

Alhali abin da likitan ke nufi ciwo ne mai alamomi sanannu, mai magani, wanda kuma ke iya kisa. A alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi a faɗin duniya. A cikin manya ana samun wajen mutum 5 a kowane 100, kuma ya fi kama mata. Fiye da mutum 700,000 ke hallaka kansu duk shekara, ciwon damuwa kuwa na cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga hakan. A ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, hukumar ta ce sama da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani ko kaɗan.

Alamomin da likitoci ke nema

Baƙin ciki na kowa ne, yakan zo da dalili ya kuma tafi da lokaci. Abin da ya raba shi da ciwo shi ne daɗewa, da yawan alamomi, da yadda ya hana mutum rayuwarsa. Ma'aunin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sabunta a 2013, wanda ake aiki da shi a ƙasashe da dama, ya lissafa alamomi tara. Sai biyar daga ciki sun haɗu a kan mutum kusan kullum na tsawon mako biyu zuwa sama ake cewa ciwon ne, kuma dole ɗaya daga cikin biyar ɗin ta kasance ko dai ƙuncin rai da ba ya yayewa, ko kuma gushewar sha'awa.

Wannan ta biyun ce aka fi kasa ganewa. Saurayin da a da ba ya bari kallon ƙwallo ya wuce shi, yanzu ana ihu a gidan kallo shi ko a jikinsa. Uwar da ke jin daɗin hira da 'ya'yanta ta koma jin muryarsu kamar hayaniya. Ba lallai a ga hawaye ba. Wasu masu ciwon cewa suke ba baƙin ciki suke ji ba, ba sa jin komai ne, kamar an zare musu ɗanɗanon duniya.

Sauran alamomin sun shafi jiki da tunani. Barci yakan ƙaurace, musamman farkawa tun kafin asuba a kasa komawa, ko kuma ya yi yawa har mutum ya wuni a kwance. Cin abinci ya ragu a rame, ko ya ƙaru. Ga gajiyar da hutu ba ya maganinta, har wanka ya zama aiki. Motsi da magana su yi nauyi, ko akasin haka mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Hankali ya ƙi tsayawa, ɗalibi ya karanta shafi guda sau huɗu bai riƙe komai ba. Sai jin cewa mutum ba shi da wani amfani, da ɗora wa kai laifin da ya wuce kima. Ta ƙarshe, wadda ta fi kowace hatsari, ita ce yawan tunanin mutuwa ko na kashe kai.

A asibitocin Najeriya da wuya mai ciwon ya shigo yana cewa ransa ne a ƙuntace. Abin da ya fi kawowa shi ne ciwon kai, zafi a tsakiyar ka, faɗuwar gaba, kasala, ko jin kamar wani abu na yawo a jiki. Sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod, wata da watanni, ba sauƙi. A wajen matasa kuma ciwon kan fito da siffar saurin fushi, wasu su nemi mafaka a kodin ko tiramadol, a ƙarshe a san su da shaye-shaye ba a san abin da ya kai su ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska kan yi ƙarya, domin akwai masu zuwa aiki suna dariya da jama'a alhali da ƙyar suka tashi daga shimfiɗa. Haka kuma ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo na iya kawo alamomi masu kama da waɗannan, shi ya sa ganin likita ya fi ƙarfin zato.

Likitan da ya je neman fushi ya tarar da wani abu daban

Gane alamomi abu ɗaya ne, bayyana inda suka fito wani abu ne. Akwai masu duba gado da sinadaran ƙwaƙwalwa, akwai masu duba halin rayuwa. Bayanin da ya fi tasiri a fannin nazarin halayyar ɗan Adam cikin shekara sittin da suka wuce shi ne wanda ya mai da hankali a kan salon tunani, kuma sunan da aka fi danganta shi da shi shi ne Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Filadelfiya na Amurka, wanda ya rasu a Nuwamban 2021 yana da shekara 100.

Beck ya taso ne a makarantar Sigmund Freud, wadda ke ganin ciwon damuwa fushi ne da mutum ya kasa fitarwa sai ya juya shi kansa. A ƙarshen shekarun 1950 ya ɗauki aniyar tabbatar da wannan ra'ayi ta hanyar nazarin mafarkan marasa lafiyarsa. Ya zaci zai ga ƙiyayya da faɗa. Abin da ya yi ta gani shi ne asara, faɗuwa, da wulaƙanci: mai mafarkin ne kullum ake kora, shi ne ke rasawa. Da ya ƙara saurarensu a farke sai ya lura akwai wani zancen zuci da ke gudana a ƙarƙashin abin da suke faɗa, mai faɗowa da kansa cikin sauri, wanda su kansu ba sa tsayawa su bincika. Ya sha ba da labarin wata mara lafiya da ta cika shi da zance, daga baya ta amsa cewa duk tsawon lokacin fargabarta ita ce tana gundurarsa.

Daga nan ya juya akalar tambayar. Kowa na ɗaukar cewa baƙin tunani sakamakon ciwon ne. Beck ya ce a duba ko shi ne injin da ke tuƙa shi. A 1961 ya fitar da ma'aunin tambayoyi 21 na auna tsananin ciwon, wanda har yau ake amfani da shi, sannan a 1967 ya shimfiɗa cikakken bayaninsa.

Bayanin na tsaye ne a kan abubuwa uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: mummunan zato ga kai, mummunan zato ga duniya, da mummunan zato ga gobe. A ɗauki misalin matasa biyu da suka gama hidimar ƙasa, kowannensu ya tura takardar neman aiki wurare goma ba amsa. Na farko ya ce aiki ya yi wuya a ƙasar nan, masu nema sun fi guraben yawa, wani wurin ma sai da uwa a gindin murhu. Ransa ya ɓaci, amma gobe ya sake fita. Na biyu ya ce shi ne bai iya komai ba, mutane duk sun gane haka, kuma haka zai ƙare. Abin da ya same su ɗaya ne. Fassarar ce ta bambanta, kuma ta biyun ta taɓa duwatsun nan uku a numfashi guda.

Me ya sa wani ke fassara haka wani ba ya yi? Amsar Beck ita ce kowane mutum na ɗauke da wasu tabbatattun zato game da kansa, waɗanda suka kafu tun yarinta, ya mai da su mudun da yake auna duk abin da ya same shi. Yaron da ya tashi cikin tsangwama, ko aka yi ta kwatanta shi da 'yan'uwansa ana kushe shi, ko ya yi rashin uwa ko uba da wuri, na iya girma da mudun da ke cewa ba a son sa, ko cewa darajarsa ta dogara ne kacokan ga nasara. Mudun kan yi shekaru a ajiye ba ya aiki. Sai ranar da wani abu mai kama da tsohon raunin ya faru, kamar kora daga aiki ko mutuwar aure, ya farka ya karɓe awon.

Idan ya karɓe, tunani kan karkace ta hanyoyin da Beck ya yi ta gani suna maimaituwa. Akwai yi wa rayuwa kuɗin goro, inda faɗuwa a darasi ɗaya ke zama hujjar cewa mutum daƙiƙi ne a komai. Akwai tsintar tsakuwa guda a buhun shinkafa: shugaba ya yaba aiki ta fuska tara ya yi gyara a ɗaya, a kwana ana juya gyaran. Akwai yanke hukunci ba hujja, kamar aboki ya ga saƙo a WhatsApp bai amsa ba a ce ai ya gaji da mutum ne. Akwai jawo laifi kai, har uwa ta ɗauki ciwon ɗanta a matsayin shaidar gazawarta. Kowa kan yi irin wannan jefi-jefi. Bambancin mai ciwon shi ne a wurinsa ya zama ƙa'ida, kuma ba ya jin sa a matsayin zato, gaskiya tsagwaronta yake jin sa.

Daga nan sai abin ya zama zagaye. Wanda ya gaskata cewa ba a son ganinsa zai daina zuwa majalisa. Abokai su gaji da nema su rage kira. Shi kuma ya ce ga shi nan, dama ya faɗa. Ya zauna a ɗaki yana saƙa da warwara a kan tambayar da ba ta da amsa, barci ya ƙi zuwa, gajiya ta ƙaru, abin da zai iya yi gobe ya ragu.

Beck ba shi kaɗai ba ne a wannan hanya. Tun a tsakiyar shekarun 1950 Albert Ellis, a birnin New York, ya koyar da cewa tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji akwai mataki na tsakiya, wato abin da ya gaskata. Shi ya fi zargin tunanin dole: dole kowa ya so ni, dole in yi nasara a komai, dole duniya ta yi mini adalci. Wanda ya kafa wa kansa irin waɗannan sharuɗɗa ya shirya wa kansa faɗuwa, tunda duniya ba ta sa hannu a kansu ba. Martin Seligman kuma, bayan gwaje-gwajen 1967 a kan karnukan da suka daina neman tsira saboda sun saba cewa ƙoƙarinsu ba ya canza komai, ya haɗu da Lyn Abramson da John Teasdale a 1978 suka ce abin da ya fi muhimmanci a wajen ɗan Adam shi ne inda ya ɗora dalilin masifa: a kansa ko a waje, na dindindin ko mai wucewa, ya game komai ko ya tsaya a abu guda.

Inda bayanin ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni

Babbar hujjar wannan mahanga ita ce ta haifar da magani mai aiki. A 1977 Beck da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da ya kwatanta jinya ta hanyar gyaran tunani da ƙwayar imipramine a kan marasa lafiya 41, jinyar maganar ta yi fice. Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna hanyoyin biyu sun yi kusan kunnen doki, sai dai wanda ya koyi gyaran tunani ya fi tsira daga dawowar ciwon a kan wanda ya sha ƙwaya ya daina. Jinyar ba wa'azi ba ce, ba kuma lallashi ba. Ana zama ne na wasu makonni, mara lafiya ya rubuta tunanin da ya faɗo masa, a tambaye shi hujjar da ke goyon bayansa da wadda ke karya shi, sannan a tura shi ya gwada a aikace, misali ya kira abokin da yake zaton ya guje shi ya ji abin da zai ce.

Wani binciken Beck na 1985, wanda ya bi marasa lafiya har tsawon shekara goma, ya nuna cewa yanke ƙauna ya fi tsananin ciwon kansa nuna wanda ke cikin hatsarin kashe kansa. Dutse na uku ke nan, zato ga gobe.

Amma akwai tambayoyin da bayanin bai gama amsawa ba. Ta farko ita ce wanne ya riga wanne. An tabbatar masu ciwon na da baƙin tunani, sai dai sau da yawa tunanin kan washe idan ciwon ya lafa, ko da da ƙwaya aka yi maganinsa, abin da ke nuna yana iya zama alama kamar yadda yake iya zama sanadi. A 1996 Neil Jacobson da abokansa suka gano cewa sa mara lafiya ya koma ayyukan yau da kullum kaɗai, ba tare da an taɓa tunaninsa ba, ya yi amfani daidai da cikakkiyar jinyar. Bayanin kuma bai isa ya fassara nau'in ciwon da ke juyawa tsakanin ƙunci da zumuɗi mai wuce iyaka ba, wanda gado ke da babban hannu a ciki kuma sai da magani na musamman.

Tambaya ta biyu ta fi zafi ga wanda ke rayuwa a inda wahala ba zato ba ce. Ɗalibin da yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya zaunar wata takwas a gida, magidancin da ya ga kuɗin mota da na abinci sun yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zamfara, idan ɗayansu ya ce duniya ta yi masa ƙunci, wane karkataccen tunani ne a ciki? Tun a 1978 George Brown da Tirril Harris suka nuna, a bincikensu kan matan unguwar Camberwell ta Landan, cewa mafi yawan waɗanda ciwon ya kama sun gamu da babbar masifa ko doguwar wahala kafin nan, kuma rashin wanda za a buɗe wa ciki na ƙara hatsarin sosai. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2020 ya ce masu ƙaramin samu sun fi masu hali yiwuwar kamuwa da ninki ɗaya da rabi zuwa uku, kuma tallafin kuɗi kai tsaye na rage alamomin.

Wannan suka ce mai nauyi, kuma ta dace da duk wanda zai ɗauki bayanin Beck ya mai da shi sandar dukan talaka, ya ce masa matsalarsa a kansa take. Gwamnatin da ta gaza ma za ta so jin haka. Sai dai idan aka karanta bayanin da kyau, bai nemi kowa ya ga tsadar rayuwa a matsayin alheri ba. Mai jinya ba zai yi musu da matashin nan cewa aiki ya yi wuya ba, domin gaskiya ce. Inda zai tsaya shi ne tsallen da aka yi daga "ba aiki" zuwa "ni kaya ne a wuyan iyayena, gara ba ni". Maganar farko bayani ce a kan ƙasa, ana iya kai ta rumfar zaɓe. Ta biyu hukunci ce a kan kai, ita ce ke kwantar da mutum har ya kasa fita neman haƙƙin nasa.

Irin wannan kuskuren ake yi a gida idan aka ce wa mai ciwon rashin tawakkali ne ke damunsa. Mutumin da tuni yake ganin kansa mai laifi a komai an ƙara masa laifi mafi girma. Da yawa daga masu ciwon masu riƙo da addini ne, kuma nauyin jikin da ke sa ibada ta yi musu wuya na cikin abin da ke ƙara musu azaba. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne a hawan jini, ba dalilin da zai sa su zama kishiyoyi a nan.

Idan likitoci ba su isa ba

Najeriya, mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kawai, mafi yawansu a manyan birane. Sai a Janairun 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, tanadin da ke sa iyalai ɓoye abin da ya kamata a garzaya da shi asibiti. Majalisar Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023.

A nan ne mahangar tunani ta yi wani amfani da masu ita ba su hango ba: ana iya koya wa wanda ba likita ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su yi wa masu juna biyu da ke da ciwon jinyar gyaran tunani. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna bayan wata shida da haihuwa kashi 23 cikin 100 ne ke da sauran ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. A Zimbabuwe, inda masu harshen Shona ke kiran ciwon da kalmar da ke nufin yawan tunani, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna da masu ciwon a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya cikin zama shida. A gwajin da aka wallafa a 2016, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamomin ciwon bayan wata shida, sauran da aka yi wa kulawar da aka saba kuwa kusan rabinsu.

Ga wanda alamomin nan suka wuce mako biyu a kansa ko a kan na kusa da shi, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware ta jihar Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa na da sashen da ke duba irin wannan. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa, ko yana yin bankwana ba dalili, ba a jira mako biyun. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin. A kawar da guba, maganin ƙwari da makami daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.